Filin Tambaya da Amsa: Ina Gane Fiziks a Aji, Ina Rasa Shi a Ɗakin Jarrabawa

Assalamu alaikum masu karatu. Jarrabawar zango ta ƙarato, akwatin wasiƙunmu ya cika da kukan 'yan aji ɗaya na jami'a, kuma fiziks ne ya fi kowane darasi shan suka. Tunda shi nake koyarwa, na ware masa filin wannan watan. Na taƙaita wasiƙun, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam, ina aji ɗaya a fannin injiniya, kuma PHY 101, darasin fiziks na farko, na neman kayar da ni. Ba na fashin lakca. Idan malami yana warware misali a allo, wallahi ina bin sa tiryan-tiryan, in koma ɗaki in karanta misalan in sake karantawa. Amma da aka raba mana takardar gwaji sai kaina ya ɗaure, na rasa ta inda zan fara. Maki 9 na samu cikin 30. A WAEC kuwa B na ci. Ko dai ba ni da kan abin ne? Ɗalibi, daga Kano.

AMSA: Ɗana, kanka ƙalau yake. Bari mu fara da lissafin maki don hankalinka ya kwanta. Idan jami'arku tana raba 30 ga CA, wato gwaje-gwajen cikin zango, 70 ga jarrabawa, kuma 40 ne makin tsira, to 31 kake nema cikin 70. In C kake so, wadda take farawa daga 50, sai ka kawo 41. Duka biyun ba su fi ƙarfinka ba, muddin ka sauya yadda kake karatu tun daga daren yau.

Abin da kake yi a ɗaki kallo ne. Wanda ya shekara yana zama a shagon tela yana kallon yadda ake yanka yadi zai iya faɗa maka abin da ke bin wani daki-daki, amma ranar da aka miƙa masa almakashi hannunsa rawa zai yi. Misalin da ke cikin littafi an riga an yi maka aikin da ya fi wuya a cikinsa, wato zaɓen dokar da za a kama. Kai sauran layukan kake bi kana gyaɗa kai, kowane layi yana maka daidai, har ka ɗauka ka iya. A jarrabawa kuwa wannan zaɓen shi ne ainihin abin da ake tambayarka. A sakandare yawanci tambaya ɗaya fomula ɗaya ce: a ba ka gudun farko u, da ƙaruwar gudu a, da lokaci t, a ce ka nemo gudun ƙarshe v. Da hadda ma ana cin B. A jami'a za a ba ka labari, kai ne za ka tono dokar daga cikinsa.

A 1981 wasu masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, Michelene Chi da abokan aikinta, sun ba sababbin ɗalibai da kuma ƙwararru tarin tambayoyin fiziks, suka ce kowa ya kasa su gida-gida. Sababbin suka kasa su bisa kamanni: masu gangara wuri ɗaya, masu igiya da kura wuri ɗaya, masu sifirin wuri ɗaya. Ƙwararrun kuwa bisa doka suka kasa: wannan dokar Newton ta biyu ce, wannan kuma adana makamashi ne, ko da zanen bai yi kama ba. Wannan idon nake so ka samu, kuma da biro ake samunsa.

Ga misali, ɗauko takarda mu yi tare. An jingina katako da bayan mota, ya yi kusurwar digiri 30 da ƙasa. An ɗora akwati mai kilo 10 a kai, yana zamewa ƙasa, adadin gogayya tsakaninsu, wato μ, 0.2 ne. Nemo ƙaruwar gudunsa.

Kada ka taɓa kalkuleta tukuna. Zana akwatin shi kaɗai, ka fitar masa da kibiya uku. Ta farko nauyinsa, tana kallon ƙasa sak, 10 sau g, ƙaruwar gudun abin da ke faɗuwa, wato 9.8, newton 98 ke nan. Ta biyu turin da katako ke yi masa, tana fita a tsaye daga fuskar katakon. Ta uku gogayya, tana bin katakon zuwa sama, tunda akwatin ƙasa ya nufa. Yanzu raba nauyin gida biyu. Wanda ke jan akwatin a kan gangara shi ne 98 sau sin 30, wato 49. Wanda ke danna shi a jikin katako shi ne 98 sau cos 30, kusan 84.9, kuma shi ne daidai da turin katakon, domin akwatin ba ya nutsewa cikin katako, ba ya kuma tashi daga kansa. Gogayya ta zama 0.2 sau 84.9, kusan 17. Cire 17 daga 49, saura 32. Raba da kilo 10, ka sami 3.2 m/s².

A nan ne nake ganin ɗalibai da yawa suna faɗuwa duk shekara: sai su ce turin katako 98 ne, don haka suka haddace a kan tebur mai shimfiɗe. Gogayyarsu ta fito 19.6, amsarsu 2.94. Wanda ya yi zane da wuya ya faɗa wannan ramin.

Kuma da ka sami 3.2 kada ka rufe littafi. Sake rubuta amsar da haruffa, θ tana nufin kusurwar katakon: a = g(sin θ − μ cos θ). Ina kilo 10 ɗin ya tafi? Ya ɓace, ashe akwati mai kilo 50 ma da irin wannan ƙaruwar gudun zai zame. Idan aka miƙar da katakon tsaye, digiri 90, fomular ta ba ka 9.8, faɗuwa ce kawai, kuma hankali ya yarda. Idan aka kwantar da shi sosai fa, a wace kusurwa akwatin zai daina ƙara gudu? Inda tan θ ya yi daidai da 0.2, wajen digiri 11. Tambaya ɗaya ta haifa maka uku, kuma ɗaya daga cikin irinsu ce malaminku zai kawo.

Don haka daga yau, idan ka buɗe misali, rufe amsarsa da takarda. Yi fama da shi kamar minti goma sha biyar. In ka maƙale, leƙa layi ɗaya tak, ka sake rufewa ka ci gaba. Gobe ka sake yin sa a farar takarda. Ka kuma ware ƙaramin littafi na kurakuranka, kana rubuta abin da ka yi da dalilin da ya sa bai yi ba, da bakinka. Zai yi maka nauyi, za ka ji kamar ba ka ci gaba, domin karanta amsa ya fi daɗi. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada hanyoyin biyu a kan ɗalibai: masu maimaita karatu sun yi gaba da aka gwada su bayan 'yan mintuna, amma bayan mako guda masu rufe takarda su tuno da kansu ne suka fi riƙe abin.

TAMBAYA: Malam, mu ɗaruruwa ne a zauren lakca, daga baya ko allo ba a gani sosai. Na taɓa ganin wata ta yi tambaya malami ya gwale ta a gaban kowa, tun daga ranar bakina ya mutu. Ofishinsa kuma tsoro nake ji, ban ma san me zan ce ba in na shiga. Yaya zan yi in sami taimako? Ɗaliba, aji ɗaya.

AMSA: 'Yata, abin da aka yi wa wannan yarinya bai dace ba, kuma ina faɗa wa abokan aikina haka a gabansu. Malamin da ya gwale mai tambaya ɗaya ya rufe bakin aji gaba ɗaya har ƙarshen zango, sannan ya zo yana mamakin yawan masu kari-oba. Amma ke kada wannan ya sa ki haƙura da haƙƙinki. Amsa tambayar ɗalibi yana cikin aikin da ake biyan mu albashi a kai.

Bari in gaya miki yadda abin yake daga wancan ɓangaren teburin. Ɗalibi ya ƙwanƙwasa, ya shigo hannu rabbana, ya ce, "Malam, ban gane komai ba." Ko malamin da ya fi kowa haƙuri bai san ta inda zai kama ba, don ba zai maimaita lakcar wata uku a tsaye ba. Wata kuma ta shigo da takarda duk ta sha gogewa, ta ce, "Malam, wannan tambayar ce, ga zanena, na kawo nan, littafi ya ce 3.2 ni kuma 2.94 nake samu." Wannan cikin minti biyu na ga inda ta kauce, kuma sau da yawa sai in tarar rami ɗaya ne yake cinye mata maki a babi uku. Irin wannan ziyarar daɗi take wa malami. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki zo da takardar da kika ɓata ɗin, kada ki kwafe ta a tsaftace. Kuskuren shi nake nema in gani.

Idan ya nuna miki, kada ki ce "to Malam" alhali ba ki gane ba. Ki ce, "Bari in maimaita, a gyara mini," ki faɗa da bakinki. In ya karɓi biro zai ƙarasa miki lissafin, ki roƙe shi ya bar ki ki ƙarasa yana kallo. Ki kuma nemi ganin takardarki ta CA in ana bayarwa, domin sanin inda maki ya zube ya fi sanin jimillarsa amfani.

Game da lokaci, wakilin ajinku ya tambayo muku ranar da malamin ke ganin ɗalibai. Ku je ku biyu ko uku da tambayoyinku a rubuce. Hakan yana rage tsoro, yana rage masa maimaici, kuma ya fi miki kwanciyar hankali. Maganar karatu a ofis ake yin ta, a lokacin aiki. Duk wanda ya ce ki same shi a wani wuri, ko ya haɗa makinki da wata buƙata, ki kai maganar wurin shugaban sashe ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, ki kuma sanar da gida. Kada ki jira makon jarrabawa, lokacin layi ne a ƙofar kowa.

Sannan ba babban malami kaɗai ne malami ba. Akwai ƙananan malamai masu digirin farko da ke karatun digiri na biyu, su ne sukan yi tutoriyal, kuma ba su daɗe da barin kujerar da kike kai ba. Akwai ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da kike haɗuwa da su a PHY 107, darasin gwaje-gwajen fiziks. Yayin da kike jiran abokan rukuninki su gama ƙirga lilon fendulum, ga mutum a tsaye kusa da ke wanda ya san abin ciki da bai. Ƙungiyoyin ɗalibai irin su MSSN ta ɗalibai Musulmi da ƙungiyar sashe sukan shirya darasin ƙarshen mako kyauta. Ma'aunin tutoriyal mai kyau ɗaya ne a wurina: wa ke riƙe da biro? In mai koyarwa ne ke ta zuba amsa a allo kuna kwafa, wata lakcar ce kawai aka ƙara miki.

TAMBAYA: Malam, na tara tambayoyin jarrabawar shekarun baya da amsoshinsu, na kusa haddace su. Wani abokina kuma ya ce shi sai ya warware tambaya dubu kafin jarrabawa. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Ɗalibi, daga Bauchi.

AMSA: Ɗana, kowannenku ya kama wani abu ya saki wani. Haddar amsa tana aiki ne kawai in malami ya maimaita tambaya harafi da harafi. Da ya ce akwatin nan sama ake tura shi, kibiyar gogayya ta juya, hadda ta rushe. Ka kuma lura da shekarun takardun da ka tara. Hukumar kula da jami'o'in Najeriya, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, a ƙarshen 2022, saboda haka ka gwada tsofaffin takardu da jerin darussan da malaminku ya bayar a bana kafin ka ɓata dare a kan babin da ba naku ba. Amsoshin da ake sayarwa a shagunan fotokwafi ma ɗalibai ne irinka suka rubuta yawancinsu, akwai kuskure a ciki.

Abokinka kuma ka ba shi wannan labarin. A 2002 Eunsook Kim da Sung-Jae Pak sun bincika ɗaliban jami'a a Koriya ta Kudu waɗanda, a matsakaici, sun warware tambayoyi fiye da 1,000 kafin su shigo. Lissafi ba ya ba su wahala, amma da aka tambaye su ma'anar abin, sai ga su da irin ruɗanin da ake gani a ko'ina, kuma yawan tambayoyin da mutum ya warware bai nuna zurfin fahimtarsa ba. Eric Mazur ma ya ga haka a ɗalibansa na fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka a farkon shekarun 1990, har ya sauya salon koyarwarsa, ya koma jefa tambaya a aji yana sa ɗalibai su yi gardama da na kusa da su.

Ku gwada kanku da waɗannan biyun, babu kalkuleta. Tirela ta yi karo da Keke Napep: wanne ya bugi ɗan'uwansa da ƙarfi mafi yawa? Zuciya za ta ce tirela. Dokar Newton ta uku ta ce ƙarfin daidai yake. Abin da ya bambanta shi ne abin da ƙarfin ya yi wa kowannensu, domin keken ba shi da nauyi, sai gudunsa ya sauya da mummunan sauri. Ta biyu: ka jefa dutse sama, a daidai ƙololuwa inda ya tsaya cak, nawa ne ƙaruwar gudunsa? Masu cewa sifili suna da yawa. In da sifili ne, da can zai zauna. 9.8 ne, yana kallon ƙasa, kamar yadda yake tun da ya bar hannunka.

Shawarata, ku haɗu. Kowace rana tambaya biyar ko shida daga babi dabam-dabam, a cakuɗe, yadda sai kun tsaya kun gano dokar. Kowa ya yi nasa shi kaɗai tukuna, sannan ku kwatanta, wanda ya samu ya yi wa ɗayan bayani. In kuna neman ƙarin tambayoyi, littafin fiziks na jami'a na OpenStax, wanda Jami'ar Rice ta Amurka ke fitarwa, kyauta ne a intanet, kuma akwai amsoshin wasu tambayoyin a ƙarshensa. Takardun shekarun baya kuwa ka ajiye biyu da ba ka taɓa buɗewa ba, sai saura mako guda ka zauna da agogo, littafi a rufe, ka yi su kamar a zauren jarrabawa.

TAMBAYA: Malam, ni daga Maraɗi nake, da Faransanci na yi sakandare, yanzu ina karatu a Najeriya. Lissafin ina iyawa, Turancin tambayar ne ke ɓatar da ni.

AMSA: Sannu da ƙoƙari, ɗana. Dokokin da ka koya a gida su ne dai a nan, alamomi ne suka ɗan sauya. Inda ka saba rubuta 9,8 da waƙafi, a nan 9.8 ake rubutawa da ɗigo, ka kiyaye wannan sosai don mai duba takarda zai iya karanta 1,250 a matsayin dubu da ɗari biyu da hamsin. Nauyin da ka sani da P a nan W ne, U na lantarki kuma V. Kalmomin da tambayoyin PHY 101 ke yawo a kansu ba su da yawa. Bi takardun baya ka tsamo su, ka rubuta kowacce da zanenta a gefe. In an ce fuskar abu sumul take, ana nufin ka watsar da gogayya. In an ce abu ya tashi daga tsaye, gudun farko sifili ne. Ka nemi abokin karatu Bahaushe ku riƙa tattauna tambayar da Hausa kafin ku rubuta da Turanci. Kuma ka san cewa ƙasarku ta fitar da gwani a wannan fanni: Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fiziks da ya yi fice a binciken makamashin hasken rana, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa.

TAMBAYA: Malam, saura kwana goma. Ina ɗaukar hoton tambaya in ba manhajar waya ta warware mini, kuma na yi niyyar kwana a aji kullum har a gama. Hakan zai fisshe ni? Ɗalibi, daga Sakkwato.

AMSA: Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana, amma kwana goma ba kaɗan ba ne in ka tsara su. Manhajar nan ba za ta shiga zaure da kai ba, kuma takan yi kuskure cikin cikakkiyar gadara, musamman a tambaya mai zane. In za ka yi amfani da ita, sai bayan ka yi naka, ka ce ta duba inda ka kauce, ka kuma tabbatar da lissafinta da hannunka. Kwanan aji kuma ban goyi bayansa ba. Kan da bai yi barci ba shi ne ke mayar da alamar ragi ta zama ta tarawa. Ka yi karatunka bayan asuba da bayan isha'i, ka kwanta.

Kwana shida na farko ka ba manyan babuka: bekta, motsi, dokokin Newton, aiki da makamashi, karo. Biyu ka yi cikakkiyar jarrabawar gwaji da agogo, ka kai wa malami ko mai tutoriyal abin da ya gagare ka. Biyun ƙarshe na littafin kurakuranka ne.

Ranar jarrabawa, kafin a raba takarda, danna sin 30 a kalkuletarka. In ta ba ka 0.5, lafiya. In ta ba ka −0.988, tana kan radiyan, mayar da ita digiri. Duba yunit kafin ka sa lamba a fomula: motar da ke gudun kilomita 72 a awa, mita 20 take yi a daƙiƙa. In ta taka birki ta tsaya cikin daƙiƙa 4, mita 40 ta ci. Wanda ya jefa 72 yadda take zai sami 144. Karanta duk tambayoyin tukuna, ka fara da wadda ka fi sani. In ɓangaren rubutu ne, ka sani muna ba da maki a kan zane, da dokar da aka rubuta, da sa lambobi daidai, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka ko tambaya ta gagare ka, zana kibiyoyinka ka rubuta dokar da kake ganin ita ce. In na zaɓi-ɗaya ne a kwamfuta, yi zanen a takardar gefe duk da haka, domin amsar da kuskuren da aka saba yi ke bayarwa, irin 2.94 ɗin nan, muna sa ta cikin zaɓin da gangan.

Allah Ya ba ku sa'a baki ɗaya. Wasiƙun da suka shafi lantarki da maganaɗisu na PHY 102 sai fitowa ta gaba, in sha Allahu.